Kawu, Wanne Zan Saya?

'Yar ƙanwata ce ta jawo wannan rubutun. Ta gama sakandare a bana, tana zaune a gida a Rafindadi tana jiran sunanta ya fito a jami'a, zaman kuwa ya fara isarta. Wata Juma'a da ta zo gaishe ni, ta tsaya gaban kantar littattafaina ta ce, "Kawu, na tara 'yan kuɗi, amma ba za su wuce na littafi biyu ba. Wanne da wanne zan saya?" Har na buɗe baki zan ba ta amsa irin tamu ta malaman makaranta, sai kunya ta kama ni. Rabona da in karanta littafi daga bango zuwa bango, in ban da wanda nake shiga aji da shi, an fi shekara biyu. Na ce mata ta ba ni wata guda.

Agusta ne, muna dogon hutu, marka ta zauna, gero ya fid da kai a gonakin hanyar Kaita, babu inda mutum zai je da yamma. Na ɗauko littafi bakwai, kowanne da irin nasa: tsohuwar hikaya, labarin soyayya na waya, ƙagaggen labari kan 'yan fasa-ƙwauri, tarihin Katsina, tarin rubutattun waƙoƙi, wasan kwaikwayo, sai wani na Turanci mai koyar da yadda ake yin arziki. Shida na gama, ɗaya ya kayar da ni. Littattafan addini ban sa su a ma'auni ba, don Ahalari da Risala ba abin da ake zaɓa ba ne tsakaninsu da labari, kuma gaban malami ake karanta su, ba a kan katifa ba.

Ban tambayi kaina wanne ya fi amfani ba. Duk wanda ka yi wa wannan tambayar zai ce tarihi, sannan ya koma gida ya buɗe na soyayya. Abin da na riƙa lura da shi shi ne lokacin da kowane littafi yake karantuwa a cikin yini, da abin da ya rage mini a ka bayan mako guda, da ko hannuna zai sake kai kansa. Mai kuɗin littafi biyu wanda zai sake buɗewa ya kamata ya saya. Wanda karatu ɗaya ya ishe shi, aro ya wadatar.

Na fara da Magana Jari Ce, littafi na ɗaya. Mu Katsinawa muna da rabo a cikinsa, ko da yake a Kagara aka haifi marubucinsa Abubakar Imam a 1911. A Kwalejin Katsina ya yi karatu, kuma yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar da aka shirya a Zariya a 1933, gasar da wansa Malam Bello Kagara ya shiga da Ganɗoki. A 1936 aka ɗauke shi zuwa Zariya ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito a littafi uku. Da yawa daga cikin labaran asalinsu na wasu ƙasashe ne, daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da makamantansu, amma ya sa musu riga da hula har ba ka gane baƙi ne.

Na karanta shi ina yaro, na ɗauka na san shi. Ashe a lokacin labarin kawai nake bi, ban ga Hausar ba. Yanzu da furfura ta fara fitowa ne na ga yadda jimla take tafiya ba ta tuntuɓe, karin magana yana fitowa daga bakin mai magana a daidai inda ya kamata, ba a liƙa shi don ado ba. Sannan ga ban dariya irin ta mutumin da ya san fada, ya san kasuwa, ya san zaure. Mafi kyawun lokacinsa bayan Isha'i ne. Wani dare da aka ɗauke wuta na kunna fitilar caji na karanta wa yara labari ɗaya da ƙarfi, kashegari su suka kawo mini littafin da kansu. Da yake akun da ke cikin littafin yana ba da labarin ne guda-guda don ya riƙe ɗan sarki a gida, kana iya karanta ɗaya ka rufe ba tare da ka rasa zare ba.

Laifinsa fa? In ka jera labari huɗu ko biyar a zama ɗaya, za ka fara hango inda akun zai faɗa tun kafin ya tashi, don ba ya gajiya da koyar da darasi. Kuma mata ba su cika samun bakin magana a ciki ba. Yarinya 'yar shekara sha takwas za ta sha dariya, za ta ƙaru da Hausa, amma da wuya ta ga kanta a madubin.

Inda za ta ga kanta shi ne na biyun, wanda maiɗakina ta turo mini daga wayarta tana dariya, wai in gani ko zan iya. Irin waɗannan labaran sun samo asali ne daga littattafan da suka cika kasuwa tun daga tsakiyar shekarun 1980, waɗanda masu suka suka laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano. Marubutan da kansu suke buga abinsu, kuma mata ne da yawa a sahun gaba, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa ta nan jiharmu. A da wajen masu haya ake karɓo su, a ɓoye a ƙarƙashin filo. Yanzu sun koma WhatsApp da manhajojin karatu, ana sakin su kashi-kashi, wasu kyauta, wasu sai ka biya marubuciyar ta sa ka cikin masu karɓa.

Zan faɗi gaskiya ko da abokan aikina za su yi mini dariya: dare uku ya hana ni barci. Sunan soyayya kawai ya ɗauka. Abin da ke ciki kishiya ce, da dangin miji, da rabon gado, da yarinyar da ake son a cire daga makaranta a aurar. Maganar mutanen ciki irin wadda ake yi a tsakar gidajenmu ce yau, har da habaici da gatse irin na matan gida ɗaya. Akwai wurin da uwar miji ta shigo ɗakin amarya ta ɗaga murfin tukunya ta mayar ba ta ce komai ba, na ajiye wayar na ce wannan marubuciya ta zauna da mutane. Duk wanda ya ce babu komai a cikin littattafan nan, bai karanta ba ne, ko kuma bai taɓa sauraron ƙanwarsa ba.

Amma ga inda ya gaza. An ja shi kamar roba, saboda masu karatu suna jiran kashi na gaba kullum, dole kowane kashi ya ƙare a bakin rami. Shafi biyu na iya tafiya a lissafin akwatunan lefe da launin labule da irin motar da saurayi ya zo da ita. Babu ƙugiya ko ɗaya a kan baƙaƙe, sai ka tsaya ka tantance ko kasa ake nufi ko ƙasa, bari ko ɓari. Ingausa kuwa ta yi katutu, jimla ta fara da Hausa ta ƙare da Turanci ba gaira ba dalili. Wasu daga cikin irinsa kuma suna ɗauke da batsar da ba za ka so 'yarka ta gani ba, don haka sai an zaɓa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bayan mako guda na nemi sunan saurayin a kaina na rasa. Labarin ya wuce kamar ruwan Agusta a kan kwalta. Irin wannan ba a kashe masa kuɗin littafi. Da kansa yake zuwa wayarki ko ba ki nema ba.

Tsakanin waɗannan biyun akwai wanda na so a ce shi na fara nuna mata. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya fito a 1982, bayan Mallakin Zuciyata da ya ci gasar kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya aka buga a 1980. Labarin fasa-ƙwauri ne da cin hanci a garin kan iyaka. Mutumin da ya tashi yana jin labarin hanyar Jibiya da Kwangwalam, yana ganin motocin da ba sa tafiya sai dare ya tsala, ba ya buƙatar a yi masa bayani. Yana da tsaftar harshe irin ta tsofaffin littattafai, amma duniyar da ke ciki tamu ce, babu aljani, babu tsuntsu mai magana. Kwana biyu ya ɗauke ni, ina karantawa bayan La'asar a ƙofar gida, kuma har yau ina tuna shi in na ga tirela ta wuce an lulluɓe ta da tamfol. Saurayin da ke zaman shago a Babbar Kasuwa, wanda yake ganin labarin soyayya na mata ne, hikaya kuma ta yara, wannan ne nasa. Wahalarsa samu. Nawa aro na yi wajen wani abokin aikina, bangon ya rabu da jiki, kuma sai da na yi alƙawarin ranar mayarwa.

Sai wanda ya kayar da ni. The Transformation of Katsina na marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, wanda ya rasu a 2005. Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ce ta buga shi a 1981, yana bin tarihin ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883. Da Turanci yake, Turancin ma na masana. Ba ya karantuwa da dare, ba ya karantuwa in yara suna gida. Bayan Asuba kaɗai na iya da shi, da biro a hannu, shafi goma in na yi ƙoƙari. Watan ya ƙare ina wajen kashi biyu cikin uku.

Duk da haka, cikin bakwai ɗin shi ne ya canza yadda nake tafiya a cikin gari. Shekara nawa ina wuce hasumiyar Gobarau a kan babur ban ɗaga kai ba? Yanzu in na bi ta wajen sai in tuna garin nan ya taɓa zama zangon fataken da ke ratsa Sahara, kuma matattarar masu neman ilimi tun bayan zamanin Muhammadu Korau. Ɗan Marina da Ɗan Masani da muke jin sunansu a matsayin waliyyai, malamai ne na ƙarni na 17 da suka zauna suka yi rubutu, kuma unguwar Masanawa tana nan. Abin da ya fi kama ni shi ne yadda ya ɗauki batun jihadi. A makaranta an koya mana shi a taƙaice: Fulani sun ci Haɓe, Ummarun Dallaje ya zama sarki a 1807, tsohon gidan sarauta ya koma Maraɗi, inda har yau akwai Sarkin Katsina. Bala Usman kuwa bai yarda a naɗe abin a matsayin faɗan ƙabila biyu ba. Yana bin sawun su wane ne malamai, su wane ne fatake da manoma da makiyaya, me ya haɗa su da masu sarauta, me ya raba su, da yadda tsarin mulkin kansa ya sauya. Ba ya karɓar labarin baka yadda ya zo, sai ya juya shi ya tambayi wa ya faɗa, don me. Wanda ya je Daura ya leƙa rijiyar Kusugu ya dawo da labarin Bayajidda cike da baki, irin wannan karatu zai sa ya fara yi wa labarin tambayoyi, abin da ba kowa ke so ba.

Mai son sanin gidan da ke mulki yanzu ba zai same shi a nan ba, don littafin ya tsaya kafin hawan Sarki Muhammadu Dikko a 1906. Kuma ban ga dalilin da yarinya mai kuɗin littafi biyu za ta saye shi ba, ko da ta same shi. Ta are shi in ta shiga jami'a. Kafin nan ta je tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wanda yanzu gidan tarihi ne. Yini ɗaya a can zai gaya mata ko tana da cikin tarihi ko ba ta da shi.

Tarin waƙoƙin na kusa yi masa rashin adalci. Rubutattu ne na mawaƙan ƙarnin da ya wuce, irin su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu. Kwana biyu ina karanta su a zuci kamar jarida, ban ji komai ba, na ce wannan sai 'yan jarrabawa. Wani dattijo maƙwabcinmu ya gan shi a hannuna, ya karɓa, ya dubi baiti ɗaya, ya rufe littafin ya rera sauran daga kansa. Nan na gane kuskurena. Waƙar nan an gina ta ne a kan kari, kowane ɗango da ma'auninsa, kowane baiti da amsa-amonsa, in ba ka ɗaga murya ba kamar ka sayi ganga ka rataye a bango ne. Ai shi ya sa Imfiraji ta Aliyu Namangi ta shiga kunnen mutanen da ba su taɓa riƙe littafinta ba, daga bakin makafi suka ji ta a ƙofar masallaci.

Da na fara rerawa sai littafin ya buɗe. Ƙarami ne, amma ba ya ƙarewa: baiti biyar sun ishe ka yini, kana alwala suna yawo a bakinka. Kalmomin Larabci da tsofaffin kalmomin Hausa suna da yawa, dole ka nemi babba ka tambaya, wanda ni ban ɗauke shi aibi ba, don ya sa na zauna da dattijon nan fiye da yadda na yi a shekara biyar. Sai dai a bambanta shi da waƙar baka da aka kwafe a takarda. Shata, wanda kabarinsa ke Daura tun 1999, ba a karanta shi. In ka raba shi da kalangu da 'yan amshi, abin da ya rage a shafi ƙashi ne ba nama. Shi a saurare shi, kuɗin a kai wa rubutacciya.

Wasan kwaikwayon, Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, zama ɗaya na yi masa tsakanin Azahar da La'asar. Yana da daɗi, amma mutum ɗaya ba ya more shi. In ƙawaye huɗu ko biyar suka raba sunaye kowa ta ɗauki nata, nan yake tashi. Kwafi ɗaya ya ishi unguwa.

Na arzikin kuwa, wani Ba'amurke ne ya rubuta wa mutanen da wuta ba ta ɗaukewa a garinsu, banki kuma yana bin su da rance. Shafi fiye da ɗari biyu, abin da na tsinta ɗaya ne: ka riƙa rubuta duk abin da ka kashe. Mahaifiyata mai sayar da ƙuli-ƙuli ta san wannan ba tare da ta iya boko ba, da ƙulli a bakin zane take nata lissafin.

Akwai maganar takarda da waya, wadda ta ratsa duk watan. Waya ta fi sauƙi, tana aljihu, tana karantuwa a cikin duhu. Amma tana cin caji, tana sa ido ruwa, kuma kana tsakiyar shafi saƙo zai faɗo ya ja ka wani wuri, ka dawo bayan rabin awa ka manta inda ka tsaya. Labarin da ke jan ka da gudu yana jure wannan, tarihi da waƙa ba sa jurewa. Littafin takarda kuma yana da abin da waya ba ta da shi a gida mai yara: ana ganinsa. Ƙaninki zai same shi a kan tabarma ya buɗe. In za a saya, a buɗe tsakiya a duba, don bugun sata ya yi yawa, tawada ta kwashe, wani lokaci shafuka goma sun ɓace ko an maimaita su. A duba ko ƙugiyoyin baƙaƙe sun fito. A kuma duba bango a tabbatar na ɗaya ne aka ɗauka ba na uku ba.

Da watan ya cika ta dawo, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Kawu, an gama binciken?" Na ce ta sayi Magana Jari Ce na ɗaya saboda Hausarta da saboda ƙannenta, ta haɗa da tarin waƙoƙi saboda shi ne zai bi ta har ɗakin kwanan ɗalibai. Na ce in da matar aure ce mai goyo wadda ba ta da zama sai na minti goma-goma, da hikayar zan ce, ta ƙara da wasan kwaikwayo. In da yayanta ne, da na aike shi farautar Turmin Danya ko da zai kai shi Zariya.

Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To Kawu, na wayar fa da ya hana ka barci?" Ashe labari ya riga ya kai gidansu. Na ce wannan ba saye ake yi ba. Ta ce ai data ake saye.

Abin da ta yi ke nan. Ta sayi hikayar, ragowar kuɗin ta sa data, tarin waƙoƙin kuma ta zare nawa daga kantar littattafai ta ce aro. Mako uku ke nan bai dawo ba. Uwarta ta ce tana jin ta a madafa da yamma tana rera wani baiti da karin da ita kaɗai ta san inda ta samo shi. Na tarihin yana nan a gefen gadona, biro a tsakiyarsa, an koma makaranta ranar Litinin.